Amanar Mujallar Ilimi: Tarihin Rikicin Cyril Burt da Tagwayensa

1.0 Gabatarwa

Tun daga shekarar 1665, sa'ad da Henry Oldenburg, sakataren ƙungiyar masana ta Landan da ake kira Royal Society, ya fara buga mujallar Philosophical Transactions, aka ɗora wa mujallar ilimi wani nauyi wanda ba a ɗora wa jarida ko littafin hira ba. Nauyin kuwa shi ne ta zama shaida. Watau idan maƙala ta fito a cikinta, mai karatu, wanda bai ga binciken da idonsa ba, kuma ba shi da halin maimaita shi, yakan ɗauka cewa akwai wani, wanda ba marubucin ba, da ya duba aikin, ya yi tambayoyi, ya gamsu, sa'an nan ya ba da izinin bugawa. A kan wannan kyakkyawan zato ne malami yake koyar da abin da ya karanta, ɗalibi yake kafa hujja da shi a kundin digirinsa, hukuma ma takan tsara manufa a kansa.

Wannan maƙala za ta bi tarihin wani al'amari da ya auku a Ingila, wanda ya shafi Cyril Burt, ɗaya daga cikin mashahuran masana ilimin halayyar ɗan Adam na ƙarni na 20. Galibin waɗanda suka yi rubutu a kan al'amarin sun fi mai da hankali ga tambaya guda, watau ko ƙirƙirar alƙalumansa ya yi da gangan, ko kuwa sakaci ne da tsufa. Har yanzu masana ba su haɗu a kan amsa ɗaya ba. Abin da za a yi ƙoƙarin nunawa a nan shi ne, ko da an jingine wannan tambaya, akwai ɓarakar da ta riga ta auku tun kafin a zo ga alƙaluman: an bar mutum ɗaya ya zama shi ne marubuci, shi ne edita, shi ne alƙali, kuma shi ne mai ba da shaida.

2.0 Mutumin da Matsayinsa

An haifi Burt a shekarar 1883. Ya yi karatu a Jami'ar Oxford, inda ya zauna a gaban William McDougall, kuma tun yana matashi ya tasirantu da ra'ayin Francis Galton, wanda yake ganin cewa basira gadonta ake yi kamar yadda ake gadon tsawo ko launin fata. A shekarar 1913 hukumar mulkin birnin Landan ta ɗauke shi aikin gwada basirar 'yan makaranta, aikin da ya ba shi damar tara bayanai a kan dubban yara. A 1932 ya gaji Charles Spearman a kujerar farfesa a University College ta Landan, ya riƙe ta har ya yi ritaya a 1950. A 1946 Sarkin Ingila ya ba shi lambar girma ta Sir, shi ne kuwa na farko da ya same ta a cikin masana fanninsa.

Maganarsa ba a jami'a kaɗai take da nauyi ba. Ya ba da shawara ga kwamitocin da suka share fagen dokar ilimi ta 1944, wadda a ƙarƙashinta aka riƙa yi wa yara jarrabawa suna da shekara 11 don a raba su: kaɗan su tafi makarantun da ke kai mutum jami'a, mafi yawa kuma su tafi waɗanda ba sa kaiwa. Ya kamata a yi adalci a nan, domin an sha faɗin cewa binciken tagwayen Burt ne ya haifar da wannan jarrabawa, alhali kuwa manyan rahotanninsa na tagwaye bayan dokar suka fito. Abin da suka yi shi ne kare tsarin a lokacin da aka fara sukarsa. Idan har basira gado ce, kuma ana iya auna ta tun yaro yana ɗan shekara 11, to, raba yaran ba zalunci ba ne. Wannan ita ce hujjar, kuma tagwayen su ne ginshiƙinta.

3.0 Tagwayen

Tagwaye iri biyu ne. Akwai waɗanda suka fito daga ƙwai biyu, su kamanninsu bai wuce na wa da ƙane ba. Akwai kuma 'yan ƙwai ɗaya, waɗanda duk abin da ɗaya ya gada ɗayan ma ya gada. Idan aka sami irin waɗannan na biyu da aka raba tun suna jarirai, Hassan ya tashi a gidan attajiri, Husaini ya tashi a gidan lebura, sa'an nan aka gwada basirarsu aka tarar ta yi kusa da juna, to, ba za a ce tarbiyya ce ta kawo kusancin ba, sai dai gado. Matsalar ita ce samun irin waɗannan tagwaye yana da matuƙar wuya. Masu bincike uku a Chicago, watau Newman da Freeman da Holzinger, tagwaye 19 suka iya samu a rahotonsu na 1937. James Shields a Ingila ya sami 44 a 1962, Juel-Nielsen a Denmark kuma 12 a 1965. Dukkansu sun kawo tarihin kowace tagwaye: yaushe aka raba su, wa ya riƙe kowanne, wane gwaji aka yi musu.

Burt ya ba da rahoton tagwaye 21 a shekarar 1955, sama da 30 a 1958, sa'an nan 53 a 1966, adadin da ya fi na kowa a lokacin. Daɗin daɗawa, ya ce babu wata dangantaka tsakanin matsayin gidajen da aka kai tagwayensa, abin da sauran masu binciken ba su iya cewa ba, domin nasu sau da yawa a hannun dangi suka tashi, wani lokaci ma a gari ɗaya da makaranta ɗaya. Saboda haka bincikensa ya zama shi ne gwal a idon masu ra'ayin gado. Arthur Jensen na Jami'ar Kalifoniya ya dogara da shi ƙwarai a doguwar maƙalarsa ta 1969 a Harvard Educational Review, wadda ta tayar da ƙura a Amurka saboda abin da ta ce game da bambancin makin gwajin basira tsakanin baƙaƙe da farare.

Masana ƙididdiga suna da wani ma'auni na nuna ƙarfin dangantaka tsakanin abubuwa biyu. Idan ya nuna 0, babu dangantaka ke nan. Idan ya nuna 1, dangantakar ta cika. A rahoton 1955, ma'aunin basirar tagwayen da aka raba ya nuna 0.771. A rahoton 1958 da Burt ya sa wa hannu, ya nuna 0.771. A 1966, bayan tagwayen sun ninka biyu da rabi, ya sake nuna 0.771. Na tagwayen da suka tashi tare kuwa ya tsaya a kan 0.944 bai motsa ba. Wanda ya taɓa tsayawa wurin awon gyaɗa zai gane abin da ke nan ba sai an yi masa dogon bayani ba. A auna buhu 21 a fitar da matsakaicin nauyinsu, a ƙaro buhu 32 daga wasu gonaki a sake fitarwa, sa'an nan a ce lissafin ya dawo daidai har lamba ta uku bayan ɗigo. Yana iya faruwa sau ɗaya bisa katari. Amma ba ya maimaituwa a gurbi bayan gurbi na jadawali ɗaya.

Waɗannan alƙaluma ba a ɓoye suke ba. A buge suke a manyan mujallu, an kwafe su a littattafan koyarwa, malamai sun karantar da su shekara da shekaru. Babu wanda ya jera jadawalan uku a kan tebur ɗaya sai bayan rasuwar mai su.

4.0 Wuƙa da Nama

A shekarar 1947 Burt da Godfrey Thomson suka kafa wata mujalla ta ƙididdiga a ƙarƙashin ƙungiyar masana halayyar ɗan Adam ta Birtaniya, wadda daga baya aka san ta da suna British Journal of Statistical Psychology. Sannu a hankali ragamarta ta koma hannun Burt shi kaɗai, musamman bayan ya yi ritaya ya rasa sashe da ɗalibai, mujallar ta zama ita ce kaɗai mumbarin da ya rage masa. Ya riƙe ta har 1963, sa'ad da ƙungiyar ta karɓe ta bayan doguwar ja-in-ja.

A wannan mujalla ce sunaye biyu suka bayyana waɗanda daga baya suka zama abin cece-kuce. A 1956 an buga maƙala a kan gadon basira da sunan Burt da wata Margaret Howard. A 1958 an buga wata da sunan J. Conway ita kaɗai, inda aka ba da rahoton tagwaye 42. Waɗannan mata biyu su ne aka nuna cewa suna fita suna gwada tagwayen, tun da shi Burt a lokacin ya haura shekara 70, ga ciwon kunne mai sa jiri da ya daɗe yana fama da shi, jinsa kuma ya yi rauni, ba mai iya yawon gwada yara ba ne. Ke nan duk sabon bayanin da ya ƙaru bayan 1955 ta hannunsu ya kamata ya biyo.

Leslie Hearnshaw, wanda ya rubuta tarihin rayuwar Burt, ya bi kundayen mujallar ya ƙirga sama da mutum 40 da suka aiko da sharhin littattafai da wasiƙu da gajerun bayanai a zamanin editancinsa, ya tarar fiye da rabinsu ba a san ko su wane ne ba, salon rubutunsu kuwa nasa ne sak. Amfanin wannan dabara a fili yake. Edita yana iya rubuta wa kansa tambaya da sunan wani, ya amsa ta da sunansa. Yana iya yabon littafinsa, ya soki na abokin hamayyarsa, ba tare da an ce shi ya yi ba. Abin da ya fi muni shi ne yana iya sa mai karatu ya zaci cewa masana da dama ne suka binciki magana suka yi ittifaƙi a kanta, alhali murya ɗaya ce take amsa kuwwa. Hearnshaw ya kuma kawo ƙorafin marubutan da suka ga an sauya musu zance a maƙalunsu ba da saninsu ba, da kuma yadda Burt ya riƙa sake fasalin tarihin wata dabarar ƙididdiga don ya rage rabon Spearman ya ƙara nasa. Alan Clarke da Ann Clarke, waɗanda suka yi digirinsu na uku a Landan a wajajen 1950, sun ba da labarin cewa Burt ya rubuta taƙaitawar kundayensu da sunayensu, ya karkatar da sakamakon yadda zai zama suka ga Hans Eysenck, tsohon ɗalibinsa da suka ɓata.

Wani zai ce ai rubutu da sunan aro tsohuwar al'ada ce, kuma editan ƙaramar mujalla da ya rasa masu aiko da rubutu yakan cike gurbi da alƙalaminsa. Masu kare Burt sun faɗi haka, kuma duk wanda ya san wahalar fitar da mujallar ilimi a kan kari ba zai yi musun cewa gurbin yakan samu ba. Sai dai akwai bambanci tsakanin mawaƙi ko mai sharhin jarida da ya sakaya sunansa, da mai bincike da ya ce wance ce ta auna, wance ce ta gani. Na farko ra'ayi ya bayar, ana iya auna ra'ayin ko ba a san mai shi ba. Na biyu kuwa shaida ya kafa, ita kuwa shaida ba ta da wata daraja sai an san mai ita, an kuma san inda za a same shi a yi masa tambaya.

5.0 Yadda Asiri ya Tonu

Burt ya rasu a watan Oktoba na 1971, a cikin girma da yabo. Kafin rasuwarsa ma ƙungiyar masana fannin ta Amurka ta ba shi lambar yabo. Jim kaɗan bayan rasuwarsa aka ƙone da yawa daga cikin takardun gwaje-gwajen da ya bari a gidansa, bisa shawarar wani masani da ya ga ba wanda zai iya amfani da su sai mai su. Wani kaso na tsofaffin bayanansa kuma tun a 1941 ya salwanta, lokacin da jiragen Jamus suka yi wa Landan ruwan bama-bamai.

Leon Kamin na Jami'ar Princeton, wanda ba ma a kan basira ya ƙware ba, shi ne ya fara karanta rahotannin da idon mai tuhuma a 1972, ya kuma bayyana abin da ya gani a littafinsa The Science and Politics of IQ na 1974. Ban da alƙaluman da suka ƙi motsi, ya lura cewa Burt ba ya faɗin wane gwaji aka yi, ko yaushe, ko a ina. Yakan tura mai karatu ga wasu rahotanni da kundayen da ba a buga ba, waɗanda ba a iya samu. Ya kuma faɗa da bakinsa cewa yakan gyara makin yaro bayan ya ji ta bakin malamansa, basirar iyaye kuwa wani lokaci a cikin hira ake kintatarta. A shekarar 1974 ɗin dai Jensen, wanda ya fi kowa amfana da alƙaluman, ya sake bin su ɗaya bayan ɗaya a mujallar Behavior Genetics, ya yarda cewa ba su da amfani wajen gwada wani hasashe. Wannan mataki nasa abin a yaba ne, ko da an ƙi ra'ayinsa.

Kalmar zamba ba ta fito fili ba sai a watan Oktoba na 1976, kuma ba masani ne ya furta ta a mujalla ba. Oliver Gillie, wakilin jaridar Sunday Times kan harkokin lafiya, shi ne ya tafi neman Howard da Conway, ya rasa wanda zai nuna masa su, ya buga labarin. Manyan masana da dama, ciki har da Eysenck, suka tashi kare mamacin, suna cewa siyasa ce kawai ta masu ƙin ra'ayin gado. Hearnshaw kansa masoyin Burt ne. Shi ya yi jawabin yabo a taron tunawa da shi, 'yar'uwar Burt ce kuma ta ba shi aikin rubuta tarihin, ta miƙa masa wasiƙu da littattafan da mamacin yake rubuta al'amuransa na yau da kullum. A cikinsu bai ga alamar ganawa da matan biyu ba, bai kuma ga alamar gwada wasu tagwaye ba a shekarun da adadin yake hauhawa. Abin da ya gani shi ne, da Christopher Jencks na Harvard ya nemi ainihin makin tagwaye 53 a ƙarshen 1968, Burt ya shafe kwanaki a farkon 1969 yana lissafa su, abin da bai kamata ya ɗauki fiye da kwafewa ba in da makin yana nan a ajiye. Littafin ya fito a 1979 da hukuncin cewa an yi ƙirƙira, ƙungiyar Birtaniya kuma ta amince da hukuncin a 1980.

Maganar ba ta mutu a nan ba. Robert Joynson a 1989 da Ronald Fletcher a 1991 sun fitar da littattafai suna cewa ba a tabbatar da laifin ba. Sun nuna cewa rashin ambaton abu a littafin yau da kullum ba hujja ba ce cewa bai faru ba, cewa mai yiwuwa tsofaffin bayanai ne da suka ɓace lokacin yaƙi aka riƙa ganowa, kuma cewa alƙaluman da suka maimaitu ƙila tsoho ne ya kwafo na da bai sake lissafi ba. An kuma sami wani farfesa a Manchester da ya ce ya san wata Margaret Howard a University College a shekarun 1930. A 1992 ƙungiyar ta janye matsayinta, ta ce ba ta da wani ra'ayi a hukumance game da gaskiyar zargin. Littafin da Nicholas Mackintosh ya tattara a 1995 ya sake auna hujjojin ɓangarorin biyu, editansa kuma ya karkata ga cewa bayanan ba abin dogaro ba ne ko ta wace fuska aka dube su.

Abin lura shi ne, kariyar da aka yi wa Burt, in an karɓe ta duka, ba ta wanke mujallun ba. Idan tsofaffin bayanai ne, to, an gabatar da su a matsayin sababbi. Idan kwafo alƙaluma aka yi, to, an buga lissafin tagwaye 21 a ƙarƙashin adadin 53. Idan Howard ta rayu a shekarun 1930, wannan bai nuna ita ta rubuta abin da aka buga da sunanta bayan shekara 20 ba.

6.0 Hujjar Dacewa da Gaskiya

Akwai wata hujja da ta fi waɗannan jan hankali, wadda ya kamata a tsaya a kanta. A 1979 Thomas Bouchard ya fara wani babban binciken tagwayen da aka raba a Jami'ar Minnesota, rahotonsa na 1990 a mujallar Science kuma ya nuna kusan kashi 70 cikin 100 na bambancin makin basira a tsakanin waɗanda ya gwada yana da alaƙa da gado. Wannan bai yi nisa da 0.771 ba. Sai masu kare Burt suka ce, to, ga shi nan, ashe gaskiya ya faɗa.

Malaman hadisi sun daɗe da warware irin wannan. A wurinsu matani daban, isnadi daban. Zance yana iya zama ma'anarsa ingantacciya ce, ta dace da abin da ya tabbata ta wasu hanyoyi, amma duk da haka a yanke cewa ƙagagge ne, saboda wanda aka jingina wa bai faɗa ba. Maruwaicin da ba a san shi ba, ba a kafa hujja da ruwayarsa. Wanda kuma yake sakaya sunan malaminsa don a zaci hanyoyinsa suna da yawa, sun ba aikinsa suna tadlisi, sun ƙidaya shi aibi. Ba don kowane irin wannan zance ƙarya ne ba, sai don an toshe hanyar da za a bi a gane ƙarya ne ko gaskiya. Mutumin da ya san rahoton Chicago na 1937 da nasa tsofaffin gwaje-gwaje yana iya kintatar inda lissafi zai faɗa, ya kuwa dace. Amma abin da mujalla ta yi wa mai karatu alkawari shi ne awo, ba kintace ba. Kuma abin da ya sa aka fifita rahoton Burt a kan na sauran, watau yawan tagwayen da rashin dangantakar gidajensu, shi ne daidai ɓangaren da ba a iya tabbatarwa.

Gyaran da ya biyo baya a duniyar mujallu ba wannan al'amari kaɗai ya jawo shi ba, galibinsa ma daga fannin likitanci ya taso. A 1978 editocin wasu mujallun likitanci suka haɗu a Vancouver ta ƙasar Kanada suka fara tsara ƙa'idoji na bai ɗaya, waɗanda daga baya suka haɗa da sharuɗɗan wanda ya cancanci a sa sunansa a kan maƙala. A 1997 aka kafa kwamitin ɗa'ar wallafa da ake kira COPE a Birtaniya, wanda yake shawartar mujallu cewa idan edita ya kawo tasa maƙalar, wani dabam ne zai kula da tantance ta, ba tare da sa hannunsa ba. Mujallu da yawa kuma sun shiga neman a ajiye ainihin bayanan bincike inda wani zai iya dubawa.

Eysenck, wanda ya kare malaminsa a 1976, shi ma ya kafa mujallu biyu ya kuma yi editancinsu, ɗaya a 1963, ɗaya a 1980. A cikin shekarun 1980 da 1990 ya buga jerin maƙalu tare da Ronald Grossarth-Maticek, waɗanda suka ce halin mutum ya fi shan taba nuna wanda zai kamu da ciwon daji ko na zuciya. Likitan ƙwaƙwalwa Anthony Pelosi da abokin aikinsa sun nuna shakku a kan alƙaluman a British Medical Journal tun a 1992. Eysenck ya rasu a 1997. Sai a 2019 kwamitin da King's College ta Landan ta kafa ya bayyana cewa maƙalu 26 daga cikinsu ba abin dogaro ba ne, wasunsu kuwa a mujallun da shi ya kafa aka buga su.